Allo Uku a Ɗaki Mai Rufin Kwano

Ɗan yayata ne ya jawo ni cikin wannan magana. A Khaddamari yake zaune, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere, kuma shekara biyu ke nan yana tara abin da yake samu daga tsara fastoci da katunan gayyatar biki a kwamfuta. Da rana sana'a, da dare wasa. Ana tsakiyar zafin Afrilu ya kira ni ya ce, "Kawu, don Allah ka zo ka duba mini. Na ƙara allo na uku, amma da na yi minti ashirin ina tuƙi sai hoton ya fara sarƙewa, wani lokacin ma ta mutu gaba ɗaya. Mai shago ya ce katin hoton ne ya yi mata kaɗan, wai in sayi babba."

Na isa bayan la'asar. Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya. Kwamfutar tana ƙasa a kan leda, an manna bayanta da bango. Da na ɗora hannu a saman akwatin sai na ji kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzun nan. Muka kwance noti biyu muka zare murfin gefe. Ƙura ta haɗu da zaren tufafi ta daskare a fuskar ƙarfen da ke kwashe zafin furosesa, har kana iya ɓamɓaro ta da farce kamar ƙanzo. Fanka tana ta juyawa, amma babu iskar da ke ratsawa. Na ce masa, "Riƙe kuɗinka tukuna."

Mai shagon bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, allo uku na buƙatar kati mai ƙarfi. Amma shawararsa, kamar yawancin waɗanda matasanmu ke kallo a YouTube, an gina ta ne a kan ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba, wanda wuta ba ta ɗaukewa a cikinsa, ƙura kuma sai an shekara ba a ga ta taru ba. A nan Borno babu ko ɗaya daga cikin ukun. Ni a ganina, wanda zai ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi a wannan yanki, ya fara lissafi daga soket da ɗaki, katin hoto ya zo daga baya.

Amma tun da allo ne ya tayar da zancen, a fara warware nasa. Hoton da ke kan allo ɗige-ɗige ne ƙanana, katin hoto ne kuma ke zana kowane ɗigo, sau 60 ko fiye a cikin daƙiƙa guda. Allon da ya fi yawa a kasuwa, mai 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ne. Ka jera uku ka shimfiɗa wasa ɗaya a kansu, ya koma miliyan 6.2, wato kashi uku cikin huɗu na nauyin allon 4K mai miliyan 8.3. Katin da yake gudu da allo ɗaya cikin sauƙi, yanzu an ɗora masa kayan mutum uku. Kamfanin AMD ne ya yaɗa wannan salo a 2009 da fasahar Eyefinity, Nvidia ta biyo da Surround a 2010.

Sai dai akwai bambancin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Shimfiɗa wasa a kan allo uku daban, kunna wasa a allo ɗaya ana barin na gefe yana nuna WhatsApp ko karatu ko aikin zane daban. Na biyun kusan ba ya ƙara wa katin nauyin a-zo-a-gani. Na farkon kuwa wasanni ƙalilan ne ya yi wa rana: na tuƙin manyan motoci irin Euro Truck Simulator 2, na tseren mota, da na tuƙin jirgi irin Microsoft Flight Simulator, inda ganin gefe yake da amfani na gaske. Wasan ƙwallo, EA Sports FC ko eFootball, wanda shi ne ya cika gidajen gem na Maiduguri, allo ɗaya ya ishe shi. Kada kuma a shimfiɗa wasa a kan allo biyu, domin bakin allunan zai raba hoton daidai tsakiya, inda ido yake. Mai son faɗi ba tare da tarin wayoyi ba, akwai dogon allo guda mai 3440 da 1440, ɗigonsa bai kai miliyan 5 ba. Ƙaramin akwatin nan mai raba HDMI da ake sayarwa kuwa, hoto ɗaya yake maimaitawa a alluna biyu. Kowane allo na bukatar tasa kafar a jikin katin, kuma yawancin katunan yanzu kafa huɗu gare su, uku na DisplayPort ɗaya na HDMI.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato wuta. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a tuna musu Janairun 2021, lokacin da 'yan ta da ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin wutar da ke tasowa daga Damaturu. An gyara a watan Maris, ba a rufa mako ba aka sake kayar da su. Birni guda ya koyi rayuwa da janareto da sola. A Maris na 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50 da NNPC ya gina, abin ya yi sauƙi, amma a Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Ko ta wace hanya wuta ta shigo gidanka yau, kana jin kuɗinta a jikinka. Gidan su ɗan yayata da sola suke, don haka lissafinsa na batir ne.

Ga yadda na yi masa shi a bayan takarda. Batirin nan na ruwa mai bolt 12 da amfiya 200, a rubuce yana ɗauke da yunit 2.4. Amma in kana son ya yi maka shekaru, rabi kawai za ka riƙa sha, wato yunit 1.2. Kwamfutar da ke jan wat 350 lokacin wasa, ka haɗa da alluna uku masu cin kimanin wat 25 kowanne, ta kai wat 425. Ko awa uku ba za ta yi ba batirin ya kai iyakarsa, ban da abin da inbata ke ci da kanta, ban da fankar ɗaki da ƙwan fitila da cajin wayoyin mutanen gida. Wadda ke jan wat 200 da alluna biyu kuwa za ta kai ka kusan awa biyar. Ka ga ashe kowane wat da ka ƙara a cikin akwatin, sai ka sake biyan kuɗinsa a batir da faranti.

Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a kan katin hoto ita ce: nawa yake bayarwa a kan kowane wat? RX 580 na 2017, wanda ya cika kasuwar kayan hannu saboda arharsa, wat 185 yake ci. RX 6600 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, da wat 132. RTX 3060 na 2021 wat 170 ne, RTX 4060 na 2023 ya ɗan fi shi sauri da wat 115 kacal. A can sama akwai RTX 4090 mai wat 450 da RTX 5090 mai wat 575. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya kusa cinye duk ƙarfin ƙaramin janareton Tiger. Akwai kuma wani abin dubawa: RTX 3060 na da ma'ajin hoto gigabait 12, shi kuwa 4060 takwas gare shi, kuma yawan ɗigo na cin ma'aji. Don haka mai wasa a allo ɗaya da na gefe, 4060 ko RX 6600 sun fi masa. Wanda ya dage sai ya shimfiɗa a kan uku, kada ya sauka ƙasa da gigabait 12, kuma in aljihu ya yarda, RTX 4070 mai wat 200 ya fi dacewa da nauyin. Abu ɗaya da ba a faɗa wa mai saye: wasu katunan, da zarar an jona musu alluna da yawa, musamman masu saurin sabunta hoto mabambanta, ba sa sauka su huta ko da ba a wasa. Suna ta shan wuta kana rubutu kawai. Daidaita saurin allunan, ko kashe wanda ba a amfani da shi daga cikin Windows, yakan magance wannan.

Duk wutar da ta shiga kwamfuta, zafi take komawa. Babu wadda ke ɓacewa. Jikin mutum a zaune yana fitar da kimanin wat 100, saboda haka na'ura mai wat 425 daidai take da mutum huɗu da suka shigo ɗakinka suka zauna ba su fita. Fanka kuma ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi take kwashewa daga ƙarfe ta zuba wa iskar ɗaki, kuma ba za ta taɓa sauke ƙarfen ƙasa da zafin wannan iskar ba. Idan mai gwaji a Jamus ya nuna katinsa na tsayawa a digiri 68 a ɗaki mai digiri 22, tazarar 46 ce. Kawo katin nan ɗaki mai digiri 40, irin wanda rufin kwano ke bayarwa a Afrilu da Mayu, ka ɗora 46 a kai, ka ga an haura 83, inda yawancin katunan Nvidia ke fara rage wa kansu gudu don kada su ƙone. Furosesa ma haka take, sababbin Ryzen iyakarsu wajen digiri 95, na Intel wajen 100. Sarƙewar hoton da yaron nan ke gani bayan minti ashirin, wannan ce. Na'urar ce ke ja da baya don ta tsira. Da ya sayi babban kati ya saka a wannan akwatin, da ya ƙara wa wutar itace.

To, da me za a sanyaya, iska ko ruwa? Matasa na sha'awar na ruwa saboda kyansa da fitilunsa, kuma sunan kansa na sa mutum ya tuna randa. Amma randa da gumi take sanyaya ruwa: ruwan da ya tsattsafo ta jikin yumɓu yana bin iska ya tafi da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya yi aiki a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Na'urar ruwa ta kwamfuta ba haka take ba. Rufaffiya ce kamar lagireton mota: famfo na tura ruwa, fanka na hura lagireto da iskar ɗaki ɗin dai. Ita ma ba ta sauka ƙasa da zafin ɗaki. Ga shi tana da famfon da zai iya tsayawa, ruwanta na raguwa a hankali cikin shekaru, lagiretonta mai ƙananan kafofi ne da ƙura ke saurin toshewa, in kuma ta lalace sai dai ka jira wata daga Kano ko Computer Village ta Ikeja.

Abin sha'awa shi ne, na iskar ne ya fi kusa da randa. Bututun jan ƙarfen nan da ke tashi daga kan furosesa, akwai ɗan ruwa a rufe a cikinsu. Yana tururi a inda ke da zafi, ya hau sama ya huce a jikin faifan ƙarfe, ya dawo ya sake. Babu famfo, babu abin da zai zube. In fankarsa ta mutu, kowane mai gyara a cikin gari zai ɗaura maka wata. Mai hasumiya biyu irin Thermalright Peerless Assassin 120 ya ishi kusan duk furosesar da mai hankali zai saka a ɗakin da babu AC, ita kuwa mai wat 65 irin Ryzen 5 5600, mai hasumiya ɗaya ma ya wadatar. Ni dai a wannan yanki iska nake zaɓa, ba na ko jinkiri.

Ƙura kuwa, Allah ya ajiye mu a kan hanyarta. Kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu daga can take busowa ta kanmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kwamfuta na haɗiyar hazo, sai bazara ta shigo ta same ta a toshe. Dabarar ita ce iskar da ke shiga akwatin ta fi wadda ke fita yawa: fanka biyu ko uku a gaba suna jawowa ta cikin raga, ɗaya a baya tana fitarwa. In aka yi haka, iska ce ke turowa waje ta kowace kafa, ƙura ba ta samun hanyar saɗaɗowa. In aka yi akasin haka, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta duk inda ya samu tsaga. A guji akwati mai gilas a gaba komai kyansa, a nemi mai raga. Wanda nasa ba shi da matata, yankin gidan sauro mai ƙananan idanu ko siririn mayafi na yin aikin, muddin za a riƙa kakkaɓewa duk mako a lokacin hunturu. A ɗauke kwamfutar daga ƙasa a ɗora a tebur, a bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa kayan mutane a Maiduguri da Jere ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya san ɗaga kaya sama ba don ƙura kaɗai ba ne.

Wajen hurewa da bulowa, a fita da ita waje, a danne fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima ta kashe su. Kuma a tuna tartsatsin nan da bargo ke yi da dare a hunturu. Irinsa daga yatsa zuwa jikin ram ko madabod na iya kashe su ba tare da ka ji komai ba, don haka a zare waya, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa kayan ciki. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfenta yana bushewa, a sabunta shi duk bayan shekara biyu ko makamancin haka, ɗigo kamar ƙwayar wake. Masu cire murfin gefe su saita fankar tsaye a ciki, dabarar na aiki, kuma ban hana ba a tsananin Afrilu, amma ba a hunturu ba. Na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso tana rage zafin ɗaki sosai a busasshiyar iskarmu, sai dai a saita ta ga mutum, ba ga cikin kwamfuta ba, saboda laima.

Akwai wani kaya da ba ya ƙyalli, ba a kuma alfahari da shi, amma shi ke riƙe da ran sauran: fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Yawancin kwamfutocin da ke shigo mana tsofaffin na ofis ne, Dell OptiPlex da HP EliteDesk, masu ƙaramin fawa-fak da bai cika wuce wat 250 ba, wanda kuma ba shi da wayar da ake jona wa babban kati. Ramin da ake soka katin a madabod wat 75 kawai yake bayarwa. Mai irin wannan na'ura ya tsaya a kan katunan da ba sa neman ƙarin waya, kamar RX 6400, ko wasu samfuran GTX 1650, ko RTX 3050 mai gigabait 6, ya kuma haƙura da shimfiɗa wasa a allo uku. Mai haɗa tasa daga tushe kuwa, kada ya yi rowa a nan. Fawa-fak mara suna da aka rubuta wa wat 600 ba lallai ya ba da su ba, balle a ɗaki mai zafi, kuma ranar da zai mutu yakan tafi da wani abu. A nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, a bar masa rarar ƙarfi. Inbata ko UPS su kasance masu ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin fawa-fak na zamani ba sa jituwa da masu arhar nan, sukan yi ƙara ko su ɗauke. Mai wutar Nefa ya sa sitabilaiza. In hadari ya haɗo da damina, a zare komai daga bango.

Kayan hannu ba laifi ba ne, da su yawancinmu muka fara. Amma a san tarihinsu. A Satumban 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, sai katunan da suka shekara da shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, har namu. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankokinsu da ma'ajinsu sun gaji. Kada ka biya sai an saka katin a gabanka, an kunna wasa mai nauyi na rabin awa, kana kallon zafinsa a manhajar HWiNFO, ka kuma tabbatar da GPU-Z cewa sunan da ke jikin kwali shi ne a ciki. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce. Mai sayen tsohuwar na'ura ɗungurungum kuma ya tuna Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana neman Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. In na'urar har yanzu da tsohon faifai mai juyawa take, SSD, wato faifai mara juyawa, shi ne farkon abin saye. In ram ɗinta sanda ɗaya ce, a ƙara ta biyu irinta, 8 da 8.

Gyaran da ya fi burge ni shi ne wanda ba a biyan ko kwabo. Kamfanoni na sakin katunansu a ƙurewar gudu don su yi fice a gwaji, alhali ɗan ƙarin saurin ƙarshen nan shi ya fi cin wuta. Da manhajar MSI Afterburner za ka iya rage wa katin iyakar wutarsa zuwa kashi 75 ko 80 cikin ɗari, abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, amma zafi da ƙarar fanka za su sauka ka ji da kunnenka. Haka nan in allonka sau 60 yake sabunta hoto, babu dalilin barin katin yana zana 140. Ka ƙayyade masa. Fasahohin DLSS da FSR ma, masu zana hoto a ƙarami su faɗaɗa shi, sun fi amfani ga mai alluna da yawa fiye da kowa.

Abin da muka yi ke nan a ranar. Muka fita da akwatin tsakar gida muka hure shi, ƙura ta tashi har ƙannensa suka ja da baya suna toshe hanci. Muka sabunta man furosesa, muka juya wata fanka da aka ɗaura a baibai tana fitar da iska ta gaba, muka ɗora kwamfutar a kan benci kusa da taga, muka rage wa katin wuta, muka mayar da wasan allon tsakiya. Bayan sallar isha'i ya kunna motarsa, ya yi tafiyar awa guda hoton bai sarƙe ba. Ya juyo ya ce, "Kawu, to kuɗin katin fa?" Na ce ya fara da fanka biyu na gaba da fawa-fak na kirki, abin da ya rage ya je ya tambayo farashin batir na biyu.